Yadda Ake Fitar da Iska da Gano Dalilin Zafin Inji Bayan an Sauya Tamostat

Sau da yawa mutum zai sauya tamostat a motarsa, wato ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya tsakanin inji da lagireto idan ya yi zafi, ya ɗaure komai, ya zuba ruwa, ya tayar da inji, sai ya ga allurar zafi tana hawa fiye da yadda take yi kafin a taɓa motar, ko kuma tana hawa tana sauka babu wani dalili a fili. Abin da ke fara zuwa zuciya shi ne sabon tamostat ɗin jabu ne, kuma shawarar da ta fi saurin fitowa a gareji ita ce a cire shi gaba ɗaya a haɗa fanka kai tsaye. A iya abin da na gani cikin shekarun da na yi ina wannan aiki, mafi yawan motocin da ke dawowa da wannan ƙorafi tamostat ɗinsu lafiyarsa lau, iska ce ta maƙale a hanyar ruwa lokacin da aka buɗe ta, ba a kuwa yi haƙurin fitar da ita ba. Don haka kafin a zargi kowane ƙarfe, sai an fara tabbatar da cewa ruwa ne ya cika injin, ba ruwa da iska ba.

Kayan da ake bukata

Abu na farko shi ne ruwan kulan, wato ruwan sanyaya inji, irin wanda aka rubuta wa motar, aƙalla lita 4, domin ƙananan motoci irin su Corolla da Civic sukan ci tsakanin lita 5 zuwa 7 idan an zubar da na ciki duka, amma sauya tamostat kawai ba ya cin haka. Ka karanta jikin jarkar: akwai wanda aka riga aka gauraya, shi ba a ƙara masa ruwa, akwai kuma mai kauri wanda ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa. Idan ba a samu tataccen ruwa ba, ruwan gora ya fi na rijiya ko na burtsatse, saboda waɗannan suna barin farin gishiri mai toshe ƙananan bututun lagireto. Idan za ka sayi tataccen ruwa wajen masu batir, ka tabbatar ba mai asid suka ba ka ba.

Sai mazurari mai dogon wuya wanda zai zauna daram a bakin lagireto. Akwai na musamman da ake sayarwa tare da murafunsa, amma wanda bai da shi zai iya yanke gindin gorar ruwa mai lita 1.5, ya naɗa tef a bakinta har ya yi kaurin da zai toshe bakin lagireton, ya kifa ta. Za ka bukaci sifana mai lamba 8 da 10 da 12, da sukudireba, da filaya ta matse kilif ɗin tiyo, da jak tare da abin tokare mota, da baho na tarar ruwa, da tsumma mai kauri, da safar hannu, da tocila. Idan kana da ƙaramar na'urar OBD, mai karanto bayanan kwamfutar mota, da ake haɗawa da waya, ko ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, aikin zai yi sauƙi ƙwarai, amma ko babu su hannu da ido sun isa a mafi yawan matakan. Don gwajin tamostat kuma sai tsohuwar tukunya, da zare, da ma'aunin zafi mai kaiwa digiri 100.

Ruwan kulan guba ne, kuma yana da zaƙi, saboda haka kada a bar shi a baho inda yaro ko akuya ko kaji za su kai baki.

Abin da ya kamata ka sani a taƙaice

Tamostat ƙofa ce da ke tsakanin inji da lagireto. A cikinsa akwai wani irin kaki wanda idan ruwa ya yi zafi yake narkewa ya kumbura ya tura ƙofar ta buɗe. Zafin da yake fara buɗewa a rubuce yake a jikinsa, yawancin motocin Japan digiri 82 a ma'aunin Salshiyas, wasu kuma 88 ko sama da haka, musamman na Turai. Kakin nan ruwa yake ji, iska ba ta kai masa zafi yadda ya kamata. Idan kumfar iska ta zauna a bayansa, inji zai iya tafasa alhali ƙofar tana rufe. Haka ita ma na'urar da ke auna zafi, in ta tsinci kanta cikin iska sai ta ba da labarin ƙarya, allura ta yi ta tsalle, fanka ta tashi a makare ko ta ƙi tashi. Famfon ruwa ma an yi shi ne don tura ruwa, in ya haɗu da iska sai ya yi ta juyawa a banza. Alamomin da aka fi gani su ne allura mai hawa da sauka, hita mai busa sanyi alhali inji ya yi zafi, ƙarar ƙulu-ƙulu a bayan dashbod idan an taka totur, da ruwa mai tumbatsa daga robar ajiya, wato robar da ke karɓar rarar ruwan lagireto.

Mataki na 1: Bar inji ya huce, sannan ka sake duba aikin da aka yi

Kada ka taɓa murfin lagireto sai inji ya huce sarai, yadda za ka iya riƙe tiyon sama da hannu ka matsa shi ya lotsa. Murfin yana riƙe matsi na kusan 0.9 zuwa 1.1 a ma'aunin matsi na bar a yawancin motocin Japan, kuma wannan matsin ne ke hana ruwa tafasa har ya haura digiri 120. Da zarar an buɗe shi da zafi, ruwan zai tafasa nan take ya feso fuska da hannu. Ko bayan ya huce, ka ɗora tsumma a kai, ka murɗa zuwa tsayawar farko, ka jira, sannan ka cire.

Daga nan sai ka tambayi kanka, ko ka tambayi wanda ya yi aikin, abubuwa uku. Na farko, ta wace fuska aka sa tamostat? Ɓangaren da ke da sifirin da kakin shi ne yake kallon cikin inji, ba tiyon lagireto ba. Akwai motocin da gidan tamostat ɗinsu yake karɓarsa a juye, kuma in an yi haka ba zai buɗe a kan lokaci ba. Na biyu, ina aka juya ɗan ramin da ke gefen faifansa, wanda ke da 'yar ƙusa mai lilo a ciki? Aikin wannan rami shi ne ya bar iska ta wuce lokacin da ake zuba ruwa, don haka a tamostat ɗin da ke zaune a tsaye dole ramin ya kasance a can sama, kamar ƙarfe 12 a fuskar agogo. Wannan shi ne kuskuren da na fi tararwa, kuma mai yin sa ba ya ma sanin ya yi. Na uku, lambar zafin da ke jikin sabon ta yi daidai da ta tsohon? Idan babu tabbas a kan ɗaya daga cikin ukun nan, gara a sake kwance gidan a duba, domin duk fitar da iskar da za a yi a kan tamostat ɗin da aka sa ba daidai ba ɓata lokaci ne.

Ka haska tocila a kewayen gidan tamostat da bakunan tiyo. Inda ruwa ke ɗiga lokacin zafi, nan iska ke shiga lokacin da inji yake hucewa. Idan an yi amfani da sabuwar robar zobe, ba a bukatar gam a kanta, gam mai yawa ma yakan ɓalle ya shiga ciki ya hana ƙofar rufewa. Ƙananan notunan gidan kuma ba a ɗaure su da ƙarfin tsiya, musamman idan gidan na roba ne ko na alminiyam, saboda yana tsagewa.

Mataki na 2: Ɗaga gaban motar ka buɗe hanyar hita

Iska sama take nema. Abin da ake so shi ne bakin da ake zuba ruwa ya zama shi ne wuri mafi tsawo a duk hanyar ruwan. Ka ajiye motar a kan gangara hancinta na kallon sama, ko ka ɗaga gaban da jak kamar taƙi ɗaya ko biyu ka tokare ta, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan tayoyin baya, giya kuma a firi ko a P. Sannan ka murɗa makunnin hita zuwa ƙarshen zafi, iskarta a mafi ƙanƙanta, esi a kashe. A motocin da ke da bawul a tiyon hita, rashin yin haka yana barin iska kulle a cikin ƙaramin lagireton da ke bayan dashbod, kuma za ta fito ne bayan kwana biyu ta dawo da matsalar. Idan motar tana da hita ta baya, kamar wasu Sienna da manyan bas, ita ma a buɗe ta. Motoci da yawa a ƙasarmu an riga an yanke musu hita an haɗe tiyoyin biyu, idan taka haka take ka duba kada haɗin ya lanƙwashe ko ya yi tudu sama da kan inji, domin irin wannan tudun ɗakin iska ne.

Mataki na 3: Zuba ruwa a hankali, inji a kashe

Ka kafa mazurari ka riƙa zuba ruwa siriri, kamar mai zuba shayi, ba a kwarara ba. Zubawa da sauri ita ce ke kulle iska a ƙasa. Kana zubawa kana matsa tiyon sama da na ƙasa da hannu kana saki, za ka ga kumfa tana tasowa, ruwan yana nutsewa. Ka ci gaba har ruwa ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na mazurarin. Robar ajiya kuma a cika ta zuwa layin sama.

A nan motoci suka bambanta. Peugeot irin su 406 da 206 da 307 suna da sukurorin fitar da iska, galibi a kan tiyon hita kusa da bangon inji da kuma a gidan tamostat, kuma in ba a buɗe su ba da wuya iskar ta fita da kanta. Tsofaffin Honda da yawa suna da noti ɗaya na wannan aiki kusa da inda tiyo ke shiga inji, wasu Nissan ma haka. Yadda ake yi shi ne a sassauta su duka kafin a fara zuba ruwa, a bar kowanne a buɗe har sai ruwa ya fito a miƙe babu kumfa babu tsartuwa, sannan a rufe, ana farawa da na ƙasa a ƙare da na sama. Na roba ne da yawansu, da yatsu ko da sukudireba a hankali ake ɗaure su. A Peugeot dole ruwan mazurari ya fi sukurorin tsawo, shi ya sa dabarar gorar nan take da amfani sosai a kanta. Motoci irin su Golf kuwa ba su da murfi a kan lagireto, ta tankin roba mai murfin matsi ake zuba musu ruwa, kuma akwai siririn tiyo da ke dawo da ruwa saman tankin. Idan inji yana aiki ya kamata ka ga ruwa yana tsiyayowa ta nan, in ba ka gani ba tiyon ya toshe, sai a cire shi a busa.

Wata dabara mai sauƙi da ba kowa ke yi ba ita ce auna ruwan da ya fita. Idan ka tari lita 3 a baho amma lita 2 kawai ta shiga, ka san akwai kusan lita ɗaya ta iska da ke jiran fita, ko da bakin lagireto ya nuna ya cika.

Mataki na 4: Tayar da inji ka jira tamostat ya buɗe

Ka tayar da inji mazurari na nan a kafe, ka bar shi a sulo. Ka kula da hannun riga da tsumma, domin fankar lantarki tana tashi ba sanarwa. A mintunan farko ƙananan kumfa za su riƙa fitowa, ruwan kuma zai ɗan hau saboda yana kumbura da zafi. Kada ka bar mazurarin ya bushe ko sau ɗaya, in ya bushe ya sha sabuwar iska, aiki ya koma baya. Bayan kamar minti biyar ka riƙa taka totur zuwa juyi 2,000 ko 2,500 a minti, na tsawon daƙiƙa goma zuwa ashirin kana saki, domin famfo ya turo iskar da ta laɓe a lunguna. Idan kana da mataimaki, shi ya zauna a ciki idonsa a kan allura, kai kana wajen mazurari.

Abin da ake jira shi ne buɗewar tamostat, kuma yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin, gwargwadon motar da yanayin gari. Yadda za ka gane shi ya danganta da inda yake zaune. Idan a ƙarshen tiyon sama yake, kamar a tsofaffin injuna da yawa, tiyon sama zai kasance da sanyi-sanyi sannan ya ɗauki zafi farat ɗaya. Idan kuwa a ƙarshen tiyon ƙasa yake, kamar a yawancin Toyota da Honda, tiyon sama zai riga yin ɗumi, na ƙasa ne zai zauna da sanyi har sai ƙofar ta buɗe. Mutane da yawa sukan taɓa tiyon ƙasa da wuri su ji sanyi su yanke hukuncin tamostat ya mutu, alhali lokacinsa ne bai yi ba. A daidai lokacin buɗewar, ruwan mazurari yakan nutse da sauri, manyan kumfa su ɓullo, sai ka bi da ruwa nan da nan.

Idan allura ta wuce kashi uku cikin huɗu, ko OBD ta nuna an haura digiri 105, amma tiyon bai yi zafi ba, ka kashe inji. Kada ka ce bari ya ƙara kaɗan ko zai buɗe. Ka bar shi ya huce na rabin awa, ka matsa tiyoyi, ka ƙara ruwa, ka sake farawa. Sau da yawa a zagaye na biyu kumfar da ke bayan tamostat ta riga ta matsa, sai ya buɗe lafiya.

Mataki na 5: Jira fanka ta tashi sau biyu

Bayan tamostat ya buɗe, ka bar inji ya ci gaba har fanka ta tashi da kanta ta tsaya da kanta, sannan ta sake yin haka. A motoci da yawa tana tashi ne a wajen digiri 95 zuwa 100. Ka sa hannu a bakin hita: iska mai zafi sosai wadda ba ta yankewa ko a sulo alama ce ta cewa ruwa ya cika ciki. Idan tana zafi in an taka totur ta huce in an saki, da sauran iska ko ruwa bai isa ba. In kumfa ta daina fitowa na minti biyar, ka kashe inji, ka bar shi ya huce da mazurarin a kai domin ya ja ruwan da yake bukata, sannan ka cire, ka rufe murfi har ƙarshen murɗinsa, ka daidaita robar ajiya.

Idan fankar motarka an riga an haɗa ta kai tsaye, wannan alama ta ɓace maka, kuma iskar fankar za ta sa a daɗe inji bai kai zafin da ake so ba. Ina ba da shawarar a mayar da ita kan rile, wato makunnin lantarkin da ke tayar da ita, da na'urarta ta auna zafi kafin a yi wannan aiki. In hakan bai samu ba, ka dogara da zafin tiyo da hita da OBD.

Mataki na 6: Gwajin hanya da dubawar safe

Ka sauke motar ka yi tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin, wadda ta haɗa cunkoso da hanya mai sarari, idonka a kan allura. Ka sani cewa allurar motoci da yawa an tsara ta ta zauna a tsakiya cikin faɗin zafi mai yawa, don haka in ka ga ta motsa sama, zafin ya riga ya yi nisa. Lambar OBD ta fi gaskiya, kuma lafiyayyen inji yakan zauna tsakanin digiri 85 zuwa 100. Idan allura ta nufi ja, ka kunna hita da cikakken ƙarfi, ka sauka gefe, ka kashe inji, kada kuma ka watsa masa ruwan sanyi ko ka ɗura masa shi da zafinsa, domin kan silinda yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Washegari da safe, kafin a tayar da mota, ka buɗe murfin lagireto. Ruwa ya kamata ya kasance har wuya. Idan ya ragu kaɗan kuma robar ajiya ma ta ragu, wannan daidai ne, sauran iska ce ta fita ruwa ya maye gurbinta, sai ka cika. Ka maimaita dubawar kwana uku. Amma idan lagireto ya ragu alhali robar ajiya tana cike ko ta ƙaru, to ruwa yana fita ba ya dawowa, kuma abin zargi shi ne murfin lagireto ko siririn tiyon da ke tsakaninsu. Murfi ba shi da tsada, kuma robarsa in ta tsufa tana kawo duk alamomin da ake ɗora wa tamostat. Ka sayi mai lambar matsi iri ɗaya da na asali.

Mataki na 7: Idan zafi bai daina ba, ka lura da lokacin da yake zuwa

Motar da ke zafi a cunkoso ko a tsaye amma ta huce in an hau titi, matsalarta iskar waje ce: fanka ba ta tashi, ko tana juyi a raunane, ko an juya wayoyinta tana hura iska gaba maimakon ta ja ta baya. Ka duba fis da rile da soket ɗin na'urar zafi, wanda sau da yawa yana kusa da gidan tamostat kuma akan manta a mayar da shi bayan aiki. A yawancin motoci kunna esi yana tayar da fanka, wannan gwaji ne mai sauri na sanin ko ita kanta tana da rai.

Motar da ke lafiya a gari amma ta yi zafi a doguwar hanya ko a hawan tudu, ruwa ne ba ya gudana yadda ya isa, ko lagireto ba ya sauke zafi. Bayan ka kashe inji ka shafa fuskar lagireton da hattara, ko ka haska ma'auni: in akwai wurare masu sanyi a tsakiyar masu zafi, bututunsa sun toshe. Ka leƙa tsakanin lagireto da kwandansan esi, domin ƙurar hunturu da ciyawa da leda sukan taru a nan su zama kamar bargo. Ka duba fambel ko ya saki, ka kuma sa wani ya taka totur kana kallon tiyon ƙasa, tsohon tiyo yakan shafe idan famfo ya ja da ƙarfi. In duk waɗannan lafiya suke, kuma hita ba ta zafi duk da an fitar da iska, sai a zargi famfon ruwa. Injin da ya shekara yana shan ruwan rijiya tsatsa takan cinye fukafukan famfonsa, na roba kuma sukan saki daga sandarsu.

Akwai kuma akasin haka, wato allura ta ƙi kaiwa tsakiya, ko ta sauka ƙasa in an hau titi, wani lokaci wutar gargaɗin inji ta kama a dashbod, OBD kuma ta nuna lambar matsala P0128. Wannan yana nufin ƙofar ba ta rufewa, ko tamostat bai zauna cikin gurbinsa ba ruwa yana zagaye shi, ko an sa mai lambar zafi ƙasa da ta motar. Wasu suna murna da wannan, suna cewa mota ba ta zafi. Inji mai sanyi kuwa kwamfutarsa tana ci gaba da ba shi mai fiye da kima, fulogi ya yi baƙi, baƙin mai ya gurɓace da wuri, silinda ta ci kanta. Shi ya sa ban yarda da cire tamostat ba, ko a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri da ke haura digiri 40. Tamostat ɗin da ya buɗe gaba ɗaya ba ya hana lafiyayyen lagireto aikinsa, kuma a injuna da yawa yana da faifai na biyu mai rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, in an cire shi wani kaso na ruwan zafi ba zai ma je lagireto ba.

Mataki na 8: Gwada tamostat a tukunya

Sai an zo nan ne ya dace a zargi tamostat ɗin kansa, kuma jabu yana nan a kasuwa, ba na musun haka. Ka cire shi, ka ɗaura masa zare ka rataya shi cikin tukunyar ruwa yadda ba zai taɓa gindinta ba, ka sa ma'auni, ka ɗora a wuta. Da sanyi dole ya kasance a rufe ruf, in ka ɗaga shi ga haske ba za ka ga rata ba. Ya fara buɗewa a kusa da lambar da ke jikinsa, bambancin digiri biyu ba laifi ba ne, kuma kafin ruwa ya tafasa ya buɗe kamar milimita 8 zuwa 10. In ka fitar da shi ya koma ya rufe a hankali. Wanda bai da ma'auni zai iya sa tsoho da sabo tare ya kwatanta, ko aƙalla ya tabbatar ya buɗe sosai kafin tafasa. Ni yanzu kowane sabon tamostat sai na dafa shi kafin in ɗaura, minti goma ne da ke hana kwance aiki sau biyu. Idan an mayar da shi, sai a koma mataki na 2 a sake fitar da iska daga farko.

Mataki na 9: Idan kumfa ta ƙi ƙarewa

Iskar da ta maƙale tana da iyaka, bayan zagaye biyu ko uku dole ta ƙare. Kumfar da ke fitowa a jere ba yankewa, tana ƙaruwa in an taka totur, ba iskar da ta shiga lokacin aiki ba ce, hayaƙin konewa ne ke kutsowa daga silinda ta gaskit ɗin kai da ya ƙone ko ta tsagewa. Wannan yana yawan faruwa saboda dalilin da ya sa aka sauya tamostat tun farko shi ne motar ta yi zafi, kuma wannan zafin ya riga ya yi ɓarnarsa kafin a kawo ta.

Ka gwada da safe inji na da sanyi. Ka rufe murfi ka tayar: idan cikin minti ɗaya ko biyu tiyon sama ya yi tauri kamar taya alhali ruwa bai ko yi ɗumi ba, matsin daga silinda yake zuwa. Ko kuma ka cire murfin, ka toshe ƙaramin bututun robar ajiya, ka ɗaura balan-balan ko safar hannu ta roba a bakin lagireto, in ta kumbura da sauri bayan an tayar, amsar ke nan. Sauran alamomin su ne farin hayaƙi mai kauri da ƙanshin zaƙi daga salansa bayan inji ya yi zafi, ruwa mai raguwa kullum ba a ga inda yake zuba ba, inji mai rawa a tashin farko na safe, fulogi ɗaya da ya fi sauran tsabta kamar an wanke shi, da baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara. Rashin ganin madarar nan bai wanke gaskit ba, domin yana iya ƙonewa tsakanin silinda da hanyar ruwa ba tare da ya taɓa hanyar mai ba. Gareji mai kayan aiki yana da wani shuɗin ruwa na gwaji da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda yake komawa ruwan ɗorawa idan akwai hayaƙin fetur a ciki, kuma yana da kyau a yi wannan gwajin ko na matsin silinda kafin a kwance kan inji.

Idan gwajin ya tabbatar, a daina hawa motar, a ja ta zuwa wurin gyara. In an cire kan silinda, a kai shi a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe a ga ko ya lanƙwashe, a fere shi in da bukata, a gwada shi ko ya tsage, a ɗaure notunansa da sifana mai auna ƙarfi bisa tsarin da aka rubuta wa injin, a kuma sauya baƙin mai da tacensa. Bayan an haɗa, hanyar ruwa za ta kasance fanko gaba ɗaya, don haka fitar da iskar za ta ɗauki lokaci fiye da na sauya tamostat, kuma dubawar safe a wannan karon sai a kai ta mako guda.